Sarki da Mai Kiwon Tantabaru

An ce wani sarki ya kafa kasuwar wasannin kwamfuta a intanet, babu rumfa, babu ƙura, har ta shanye sauran kasuwanni. Amma da wata ƙa'ida: wasan da mutum ya saya yana nan a rumbun sarki, a can zai riƙa buɗe shi, ba ya fita da shi ko'ina.

Wata mai ƙera wasa, Barmani, ta shekara uku tana aikin wasa guda. Ta ga sharuɗɗan sarki sun yi mata nauyi, sai ta kai shi wata ƙaramar kasuwa. Wallahi ko mutum goma ba su leƙa ba. Ta zo fada ta faɗi ta ce, "Ranka ya daɗe, in na zauna an matse ni, in na fita aikina ya mutu."

Sarki ya ce, "Wa ya ɗaure ki? Ƙofata a buɗe take."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya tafi wurin wani tsoho masani, Malam Jatau, mai kiwon tantabaru, ya ba shi labarin Barmani, ya ce, "Malam, akwai tilas a inda ƙofa take buɗe?"

Tsoho ya miƙe. Ya buɗe ɗakin tantabarunsa, suka tashi fir, suka yi shawagi, suka komo duka.

Ya ce, "Ya sarki, me ya dawo da su?"

"Ƙaunarka."

Malam Jatau ya yi murmushi. "Ni da nake yanka biyu duk sallah? Ƙwansu ne a ciki. Masu saye ba za su bar rumbunka ba, wasanninsu na can. Ita kuwa baiwar Allah ba za ta sayar a inda babu mutane ba. Ba ka ɗaure ta ba, ka riƙe ƙwai ne."

Sarki ya ce, "In na saki, za su watse."

"Wasu za su tafi. Ran nan za ka san nawa ne ke zaune don kasuwarka ta fi."

Sarki ya sa aka yi shela: kowa ya ɗauki abin da ya saya, ya kai inda ya so. Mutane suka ragu, ba kaɗan ba, sarki ya daure. Wasan Barmani ya sami masu saye a ƙaramar kasuwar.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, buɗe ƙofa ba shi ne adalci ba, sai an bar mai fita ya ɗauki kayansa.