Faretin Korau a Bakin Shinge

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, tun kafin wayar hannu ta shiga aljihun kowa. Sunansa Korau, mai walda ne, bawan Allah mara yawan magana, gemunsa har ya fara furfura. Ku saurara da kyau, domin yau raina a ɓace yake, kuma kafin mu tashi za ku san dalili.

Garin nan ƙauyuka ne kewaye da shi, kuma duk sai an ratsa fadama ake zuwa gare su. In damina ta sauka, wanda ciwo ya kayar a ƙauye ba shi da mota sai amalanke ko kafaɗar 'yan'uwa. Motar ɗaukar marasa lafiya akwai ta, kowa yana ganinta a gindin darbejiya, a ɗore kan duwatsu, kaji suna ƙwai a cikinta.

Sai Korau ya sayi wata tsohuwar jif, irin mai shiga daji, a hannun wani mai yawon tallar maganin gargajiya. Ya liƙe mata nan, ya ƙona mata can, ya shafa mata farin fenti. Abokinsa Jatau, wani tela mai son a san da shi, ya ɗinka musu falmaran mai ruwan lemo, ya rubuta a baya da manyan baƙaƙe: RUNDUNAR AGAJIN GAGGAWA.

Ba zan ɓoye muku ba, abin dariya ne. Rundunar gaba ɗayanta ba ta cika motar ba, amma kowa kwamanda ne. Korau Babban Kwamanda, shi da bai roƙa ba. Jatau Kwamandan Ayyuka. Har wanda aikinsa turi ne, Kwamandan Turi. Suna da oba-oba, rediyon magana irin ta 'yan sanda, wadda ba ta taɓa ganin batir ba, amma Jatau ya kan kara ta a baki yana cewa oba, alhali wanda yake yi wa maganar yana zaune kusa da shi. Gadon ɗaukar mara lafiya kuwa tsohon ƙyauren shago ne. Sun taɓa tashi a guje za su kashe gobara, suka tarar mata ne ke bandar kifi. Sun taɓa zuwa ciro motar da ta kafe, tasu ta kafe a gefenta, sai da shanun huɗa suka jawo su duka biyun.

Amma babban abin shi ne jiniya. Ba su da jiniyar gaske. Abin da suke da shi lasifikar mai magani ce a kan rufin mota, da rikodarsa, da kaset ɗinsa wanda ya maƙale a ciki ya ƙi fita. Sai suka ɗauki kukan jiniya a kan farkon kaset ɗin. In sun kunna, za ka ji wiii, wiii, kamar gaske. In Jatau ya shagala bai mayar da kaset baya ba, sai jiniya ta ƙare, muryar mai magani ta cika gari:

"Basir mai tsiro, basir mai jini, mai hana zama, mai hana sukuni, ga magani ya zo har ƙofar gida."

Tun daga nan sunansu ya zama 'Yan Basir. Korau kuwa Kwamandan Basir.

Na ga kuna murmushi. Ku yi, ni ma na yi. Amma ku riƙe wannan: duk da ƙyauren shago da oba-obar banza, in dare ko rana wani ya faɗi a bayan fadama, su ake aikawa a kira. Ba wanda ke biyansu. Masu dariyar ba su taɓa zuwa ba.

Suna da laifi guda na gaske, kuma na Jatau ne. Yana son jiniya kamar ransa. In an aike shi sayen tsire, jiniya. In za a kai kayan ɗakin amarya, jiniya. Korau ya sha ce masa, "Jatau, ka bar kunna ta sai da dalili. Ranar da muke buƙatar a yarda da mu ba za a yarda ba." Jatau ya ce, "Kwamanda, ai atisaye ne."

To, wata ranar kasuwa da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, wani ya shigo gari a kan keke, laka har gwiwa. Ya ce kububuwa ta sari wani manomi mai suna Nomau a gonar shinkafa, ƙafa ta kumbura, jini ya fara fita ta dasashinsa. Wanda ya san kububuwa ya san abin da wannan ke nufi. Makarin dafinta sai babban asibiti, can kan kwalta.

Korau ya ajiye abin waldarsa ko kashe inji bai tsaya yi ba. Suka faɗa fadama. Mota tana gurnani, tana zamewa, tana watsa taɓo. Inda ta nutse, su dira su cusa katako a ƙarƙashin taya, su sa kafaɗa. Haka har gona. Suka ɗora Nomau a kan ƙyaure, matarsa Sahura ta hau baya ta ɗora kansa a cinyarta, tana share masa baki da gefen zaninta. Suka juyo.

Ku saurara, nan ne wurin.

Hanyar da ke fita daga garin zuwa kwalta guda ɗaya ce, kuma akwai shinge a bakinta, wani dogon ƙarfe da kwaɗo. In an yi ruwa ana rufe shi don kada manyan motoci su kwaɓe hanya. Hagu da shi lambatu ne cike da ruwa, dama da shi shaguna. Makullin yana hannun wani mutum mai suna Bagudu, wanda ba shi da sana'a a duniya kamar ba majalisarsa dariya. Ranar nan majalisar ta cika, ga 'yan kasuwa.

Korau ya taka birki ya leƙo. "Malam Bagudu, a taimaka a buɗe. Mara lafiya muka ɗauko."

Bagudu ko motsi bai yi ba. "Wane ne ba lafiya yau, Kwamanda? Tsiren ko balangun?"

Majalisa ta fashe. Daidai nan jiniya ta ƙare, mai magani ya karɓa. Jatau ya kai hannu zai kashe.

"Kar ka taɓa, tela," in ji Bagudu. "Kullum a rabi kuke yanke mana. Yau sai mun ji nawa ne kwalba."

Korau ya sauko. "Don girman Allah zo ka leƙa da idonka."

Bagudu ya taso yana rangaji, yana kaɗa makulli a yatsa. Ya leƙa. Jama'a, ya gani. Ina so ku ji wannan da kyau: ya gani. Ya ga ƙafa kamar turmi, ya ga jini a bakin mutum, ya ga mace tana kallonsa. Fuskarsa ta sauya, hannunsa har ya nufi kwaɗo. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai wani daga kan benci ya ce, "Af, Bagudu ya ji tsoron Kwamanda."

Shi ke nan. Kalmar nan ce ta fi masa ran mutum nauyi. Ya ja da baya, ya tsaya a bakin lambatu, ya miƙa yatsan da makullin ke rataye a kan ruwa.

"Na ga mara lafiya," ya ce. "Amma doka ce, bayan ruwa ba a buɗe wa kowa sai motar hukuma. Kun ce ku runduna ne. To runduna ai da fareti aka san ta. Kwamanda ya yi mana fareti daga nan zuwa shagon mai gishiri, ya dawo ya sara mini, in buɗe."

Jatau ya diro da ƙarfen kwance taya a hannu, idonsa ya yi ja. "Wallahi yau sai na fasa kan ɗan banzan nan."

Korau ya riƙe masa hannu. "In ka buge shi makullin ya faɗa ruwa, wa zai tsamo?"

"To mu bi ta kan shingen da mota."

"Ni na yi waldarsa. Motar ce za ta mutu a nan."

"Kwamanda, da furfurarka za ka yi wa wannan rawa?"

"Ajiye ƙarfen, Jatau. Ka bar kaset ɗin ya yi ta yi."

Sai dattijon nan ya gyara falmaran ɗinsa, ya ƙame a tsakiyar laka, ya fara takawa. Hagu, dama. Hagu, dama. Lasifika tana kiran basir mai tsiro, shi yana ɗaga ƙafa. Takalminsa ɗaya ya maƙale, ya bar shi. Santsi ya kwashe shi ya faɗi da gwiwa, majalisa ta ɗauki shewa, ya tashi ya ci gaba. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga ido ya kalli kowa ba. Sauri kawai yake yi. Ya taɓa shagon mai gishiri, ya juyo, ya zo gaban Bagudu, ya buga ƙafa, ya sara masa.

Kasuwa guda tana tsaye tana kallo. Magidanta, masu gemu, waɗanda suka yi sallar asuba a sahu ɗaya da Korau. Babu wanda ya ce da Bagudu ya isa haka. Ko ɗaya.

Bagudu ya duba majalisa ya ga har yanzu da sauran dariya. Ya ce, "Ƙafar hagu ba ta fita sosai ba. A sake."

Sai Sahura ta sauke kan mijinta a hankali, ta sauko daga mota. Zaninta duk jini. Ta zo ta tsaya kusa da Korau, ta haɗa ƙafafunta kamar yadda ta ga ya yi.

"Bawan Allah," ta ce da Bagudu, "baban nan ya gaji. Ni zan yi maka wannan. Da wace ƙafa ake farawa?"

Dariya ta mutu, mai magani yana ta faɗin a sha cokali safe da yamma. Wanda ya ce Bagudu ya ji tsoro ya sulale bayan shago. Bagudu ya nufi kwaɗo, ya yi ta cusa makulli, ya ƙi shiga. Korau ya karɓa, ya buɗe, ya ɗaga ƙarfen da kansa, ya mayar masa da makullinsa a tafin hannu.

"Mun gode, Malam Bagudu," ya ce. Ya hau mota da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Suka hau kwalta, tsohuwar jif tana kakkarwa kamar za ta wargaje. Jatau yana kuka yana mayar da kaset baya, yana sakewa, har ƙofar asibiti. Suka kinkimi ƙyauren suka shiga da gudu. Aka yi wa Nomau allurar makari, aka ƙara masa jini, kuma jinin Jatau ne ya dace, ya miƙa hannu ba musu.

Nomau ya rayu. Amma ƙafar ta riga ta ruɓe, sai da aka yanke ta daga gwiwa. Ban ce muku shingen ne ya ci ƙafar ba, Allah ne masani. Likita dai ya ce a saran kububuwa babu jinkirin da yake ƙarami. Manomin shinkafa ya koma gida da sanda.

Ranar da aka sallame su, Korau ne ya je ya ɗauko su. A hanya Sahura ta ce, "Baba, ni har yau na kasa mantawa da abin da aka yi maka saboda mu."

Ya ce, "Me aka yi mini, 'yata? Laka ce, na je gida na wanke. Ki yi wa maigidanki sannu, shi ne ya yi rashi."

Wannan shi ne bawan Allah. An ba shi zaɓi tsakanin mutuncinsa a idon mutane da ran wani wanda ba danginsa ba, bai tsaya ko tunani ba. Bagudu an ba shi zaɓi iri ɗaya, ya zaɓi kada a yi masa dariya a benci.

Yanzu ku dube ni. Kuna tsammani Bagudu nake jin haushi? Bagudu mutum ɗaya ne. Kasuwar nake jin haushi, kuma kasuwar nan ku ne. A garin nan akwai samari masu falmaran da tsofaffin motoci, suna ciro mutane daga ruwa da taɓo da ƙarƙashin tirela. Na ji sunayen da kuke kiransu. E, wani lokaci suna ba da dariya, kuma ku 'yan agajin da ke zaune a nan, ku ma ku ji: duk ranar da kuka kunna jiniya don a ba ku hanya ku je ɗaurin aure, kun sayar da amincin da wani zai buƙata yana kan mutuwa. Ku daina.

Amma sauran ku fa? Mota ta kife, ku zaro waya kuna ɗauka. Jiniya tana kuka a bayanku, ku ƙi kaucewa, wai ai ba hukuma ba ne. Wani ya yi wa mai taimako izgili a gabanku, ku taya shi dariya don kada a ce ba ku waye ba. Wanda ya tashi ya yi aikin alheri da kayan aro da ƙarancin sani ya fi wanda ya san komai ya zauna yana gyara masa tafiya. In ba za ka ɗauki ƙyauren ba, kauce. In ba za ka iya hana mai zalunci da hannu ba, ka rufe bakinka daga dariya, domin da dariyarka yake samun ƙarfin hannu.

Kowannenku yana riƙe da wani makulli, a ofis, a kan titi, a bakin ƙofa. Wata rana wani zai tsaya a gabanka yana sauri, da rai a bayansa. Ka buɗe tun a roƙon farko. Allah ya sa mu cikin masu buɗewa, ya tsare mu da zama 'yan kallo.