Kaset Ɗin Da Mai Agogo Ya Ƙi Kalla

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da kowa a layinsu yake kira Mai Agogo, har matarsa idan ya ɓata mata rai. Shagonsa ɗan ƙarami ne a jikin gidansa: teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya.

Mutumin ba ya shan taba, ba ya zaman gulma. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kane-kane: finafinan China na zamanin da, irin na masu dogon gashi da riguna masu faɗin hannu, inda mutum zai taka ganyen bishiya ya tashi sama riƙe da takobi.

Ku 'yan zamanin waya ba za ku gane ba. A lokacin kaset ake turawa cikin bidiyo, babu rubutun fassara a ƙasa, kuma duk gidan babu wanda ya san ko "sannu" da yaren China. Don haka Mai Agogo ya naɗa kansa mai fassara.

Babbar 'yar kallonsa ita ce autarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Za ta zauna a gefen ƙafarsa, shi kuma ya gyara murya.

"Kin ji abin da tsohon ya ce? Ya ce, kai yaro, je ka wanke kwanuka tukuna, sannan a yi maganar takobi."

Sai matarsa ta leƙo daga kicin. "Malam, ka ji tsoron Allah. Yaushe ka je China?"

"Sai na je? Fuskarsa nake karantawa."

Idan aka soke wani ya faɗi, aka fara busa wata sarewa mai sanyi, sai Auta ta damƙe masa wando. Shi kuwa ko gezau. "Suma ya yi, Uwata. Yanzu za a yayyafa masa ruwa." Ita kuma ta yarda, don a wurinta Baba ba ya kuskure.

Akwai wani dogon fim mai kaset da yawa da suka fi so. Labarin wani tsohon malamin takobi ne a kan dutse, da ɗalibinsa da aka tafi da shi yaƙin sarki. Kullum da yamma tsohon zai fito bakin ƙofa ya zauna yana kallon hanya.

Suna gab da ganin ƙarshe, a satin da Auta za ta tafi makarantar kwana, bidiyon ya cinye zaren kaset na ƙarshe. Ya fito a cukurkuɗe, ya tsinke.

"Baba, to zai dawo ko ba zai dawo ba?" Har idonta ya ciko.

"Bar ni da shi, zan gyara. Kuma ba zan kalla ba sai da ke."

Ya kuwa gyara. Ya ɗora shi a teburin aiki, ya bi zaren da ɗan hantsakinsa a hankali, ya haɗe inda ya tsinke, ya naɗe shi tsaf. Sannan ya ajiye shi a saman kabad, ya rufe da ƙyalle.

Hutun farko Auta ta zo da jarrabawa a kanta. Hutu na biyu ƙawaye suka ɗauke ta. Daga nan sai jami'a, daga jami'a sai aiki a wani babban kantin magani a gari mai nisa. Kun san yadda abin yake, ba sai na ja ba.

Wata rana ta zo ganin gida. Bayan an ci abinci, Mai Agogo ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da kaset ɗin, yana murmushi.

Auta ta tuntsire da dariya. "Haba Baba, wa yake kallon kaset yanzu? Ai na samo fim ɗin a waya, da fassararsa. Na kalla har ƙarshe. Kuma Baba, ashe rabin abin da kake faɗa min shaci-faɗi ne! Babu wata maganar kwanuka a ciki."

Shi ma ya yi dariya. Amma matarsa ta ga yadda hannunsa ya tsaya a kan ƙyallen.

"To kada ki faɗa min ƙarshen," in ji shi. "Gobe sai mu kalla?"

"Gobe, Baba."

Goben nan jakarta ta ɗauka. Ba wai ba ta son mahaifinta ba ne. Kawai ta ɗauka tsoho da kabad abubuwa ne da za ta same su inda ta bar su.

Shekaru suka ja. Wani maƙwabcinsa tela ya sha ce masa, "Kawo in nemo maka shi a wayata, ka huta." Sai ya girgiza kai. "Na yi alkawari." Lokaci-lokaci yakan kunna bidiyon da wani kaset daban, don kada ya mutu da zama. Idan ya ji mota ta tsaya a layi, sai ya ɗaga kai daga kan aiki. Kewar yarinyar nan ta ci shi ƙwarai, amma a waya kullum maganarsa ɗaya ce: "Lafiya lau muke, ki yi aikinki."

Sai idonsa ya fara dushewa. Da farko ƙananan kusoshin agogo ne suka ɓace masa, daga baya har hannun agogon bango. Aka je asibiti, likita ya ce an makara. Ya rufe shago, ya hana a faɗa wa Auta.

Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji. Ran nan ta ɗauki waya. "Jiya babanki ya zuba shayi a gefen kofi, bai sani ba. Ya ce kada in faɗa miki. To na faɗa, sai ya zo ya dake ni."

Auta ta iso da rana tsaka. Ta same shi zaune a bakin ƙofar shagon da ya rufe, fuskarsa tana kallon hanya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya lalubo kanta ya dafa, ya shafa fuskarta.

"Uwata. Kin rame."

"Baba, ina kaset ɗin?"

Suka shiga falo. Ya ce ta ja labule, haske yana ɓata hoto. Ta ja, hawaye na zuba, ta tura kaset ɗin. Bidiyon ya yi ƙugi ya kama.

"Yau ke ce mai fassara," in ji shi.

Ta fara. "Yanzu ɗalibin yana kan doki. Yanzu ya tsaya. Yanzu ya sauka."

"Haba Uwata, labarai kike karantawa a rediyo? Shi dokin me ya ce?"

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka. "Ya ce, maigida, tun safe ban ga ciyawa ba, kai sai jarumta."

"Yauwa! Ci gaba."

Ta ci gaba, har bakinta ya saki. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta manta da tukunya.

Sai aka zo ƙarshen, wanda Auta ta riga ta sani. Ƙanƙara ta rufe dutsen. Tsohon malamin yana zaune a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, rai ya riga ya yi halinsa. Ɗalibin ya iso ya zube a gabansa. Aka fara busa sarewa.

Auta ta gyara murya. "Ya iso, Baba. Tsohon ya ɗago kai ya ce, kai yaro, sai yanzu? Ga kwanuka can suna jiran ka."

Da sarewar ta ƙare, Mai Agogo ya juyo wajenta.

"Uwata, na san sarewar nan. Ba a busa ta sai an yi rashi." Ya lalubo hannunta. "Da kina ƙarama, idan aka mutu a fim ba kya iya cin abinci. Shi ya sa kowa nawa suma yake yi."

Ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka.

"Daina, daina. Shi nasa ya makara. Ni tawa ta same ni a zaune." Ya bubbuga kafaɗarta. "Mayar da shi baya kaɗan, ki sake faɗa min naki. Ya fi nasu daɗi."

Darasi: Abin da iyayenmu suke roƙon mu zauna mu kalla tare da su, ba fim ɗin suke so ba, mu suke so. Kada wayewa ta sa ka raina abin da suka yi maka da ƙauna, kuma kada ka yi ta ce musu "gobe", domin idonsu da kwanansu ba sa tsayawa jiran hutunka. Idan kana da wanda yake zaune yana kallon hanya saboda kai, kira shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da ke nesa da gida, wataƙila wani ya tuna ya koma.