'Yar Toka a Furannin Eulalia

A garin Alotenango, gindin dutsen Fuego mai aman wuta, akwai wani saurayi ana ce masa Nazario. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai hali guda: ba ya bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Kalmar farko zai cafke ya ce ya gane.

Mahaifiyarsa Eulalia ta rasu farkon damina. Ta bar masa furannin daliya a bayan madafa, irin waɗanda ke bushewa kowace shekara su sake tsirowa daga saiwa. Nazario ya ƙudura a ransa cewa ranar ziyarar kaburbura, farkon Nuwamba, da furanninta zai lulluɓe kabarinta, ba da na kasuwa ba.

Damina na ja baya, sai wani farin gari ya fito a ganyayen. Inna Remigia, ƙanwar marigayiyar, ta kawo masa dafaffen baƙin wake, ta leƙa lambun, ta murza ganye ɗaya.

"Ɗan nan, 'yar toka ce ta kama su. Sai ka..."

"Na sani, Inna. Tokar dutse ce, jiya na ji yana gurnani."

"Ban ce toka ba, 'yar toka na ce. Sunan ciwo ne, kai mai kunnen ado. Dubi rufin ɗakinka, dubi wankinka a igiya, ka ga toka? Ko dutsen ya zaɓi furannin uwarka ne kawai?"

"To ai duk toka ce."

"Tokar dutse tana da tsakuwa a hannu, wannan laushi gare ta. Ka tsinke ganyen da ya kamu ka binne, ka rage rassan iska ta ratsa, ka sirka madara da ruwa ka fesa da safe. Kuma kada ka..."

"Reshen da Mama ta dasa ba zan sa masa wuƙa ba."

Inna Remigia ta dangwarar da kwanon. "Haka ka dinga katse ta tana raye. Allah ya ba ta haƙuri, ni bai ba ni ba." Ta fice.

Nazario ya samo tsumma, kullum da yamma yana goge ganyayen a hankali, kamar yadda ya riƙa goge wa uwarsa goshi da tana jinya. Tsumma ɗaya, daga mai ciwo zuwa mai lafiya. Da ya ga farin ya dawo har ya ƙaru, sai ya harari dutsen, ya kafa sanduna, ya rufe lambun ruf da leda don kada tokar ta sake sauka. Iska ta daina shiga, gumi ya taru a ciki.

Ran da Inna Remigia ta dawo ta ga ledar, sai ta dafe kai.

"Ka gina wa ciwon ɗaki, saura ka kawo masa bargo."

Ta fizge ledar. Ganyaye sun nannaɗe sun yi baƙi, kawunan furannin sun ƙanƙance sun sunkuya ba su buɗe ba. Nazario ya ɗaga kai ya dubi dutsen. Ko hayaƙi ba ya yi.

Ranar ziyara makabarta ta cika, kowa rungume da furanni har ba a ganin fuskarsa. Nazario ya zo da fure ɗaya, rabinsa a buɗe, gefensa a ƙone. Ya ɗora a kan kabarin, ya daɗe a durƙushe.

"Matsa," in ji Inna Remigia. Ta zuba nata furannin, ta bar wa ɗan furen nasa wajen kai.

Darasin shi ne, wanda ba ya sauraron magana har ƙarshenta zai yi maganin ciwon da babu, ya kiwata wanda ke akwai. Kafin ka ce ka gane, ka bar mai magana ya gama. Nazario ya so furannin nan da zuciya ɗaya, amma da hannunsa ya kashe su.