Rijiyar Man Barewa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ko da ɗaci.

Barewa ce tana haƙa rijiya a gonarta, sai mai ya ɓulɓulo maimakon ruwa. Labari ya kai kunnen Dila, sarkin maƙeran birni, wanda injinansa ba sa motsi sai da mai. Ya zo da goro niƙi-niƙi.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ke da noma kuma? Ki ba ni mai, ni in riƙa aiko miki da garin tuwo."

Barewa ta ce, "Malam Dila, irin shukata fa?"

Ya ce, "Mai wannan rijiya me za ta yi da iri?"

Sai ta surfe irin, ta yi wa jakadun da Dila ya aiko ɗaukar mai tuwo da shi, ta jera tulunan mai a rumbu.

Ana nan, ana nan, Dila ya ƙera injin da ke aiki da hasken rana. Gari ya daina zuwa. Barewa ta bar 'ya'yanta suna kukan yunwa, ta ɗauki tulun mai har birni.

Dila ya shimfiɗa mata darduma, ya ce, "Zumuncinmu na nan daram. Man ne dai ba ma bukata."

Ta dawo ta tarar autarta ta cika. Damina ta faɗi, ƙasa ta jiƙa sharaf, ga Barewa tsaye a gona da sungumi, ba ko ƙwaya ɗaya da za ta jefa a rami.

Ƙurunƙus kan ɓera. Ba don Gizo ba, da kun ce ƙarya na shara muku.