Salansar Babur ɗin Maharazu

Akwai wani matashi mai suna Maharazu a wani ƙauye da ke bayan Yargoje, cikin ƙasar Ƙanƙara. Manomi ne, amma in kana son ganin haƙoransa a waje, to ka ɗauko masa zancen babur.

Babur ɗin nasa ƙarami ne, irin masu arahar nan da ake shigowa da su cikin kwali a harhaɗa a kasuwa. Na hannu ma ya saya a Mairuwa, yana tari yana zubar da baƙin mai. Sai dai a faɗi gaskiya, Allah ya ba Maharazu hannu. Bai taɓa zama gaban bakanike ba, amma shi ke yi wa abinsa juyen baƙin mai, shi ke wanke filogi da fetur, ya kwance kafireta ya hure ta ya mayar, ya ja sarƙa, ya ɗaure birki. Kafin damina ta zagayo babur ya miƙe, bugu ɗaya yake tashi.

Da ya tsaya nan, da babu labarin da zan ba ku. Amma mutum in an cika yabonsa, kansa kan yi masa girma.

Ya fara da cire madubai, wai suna rage wa babur kwarjini. Ya canza sifoket, haƙoran da ke jan sarƙa, don ƙarin gudu. Daga nan ya faɗa wa salansa, wato bututun hayaƙi. Ya yanka ta da zarto, ya zaro ragar da ke cikinta mai danne ƙara, ya kai wa mai walda aka ɗinke, har aka liƙa mata baki na biyu. Tun daga ranar, in ya murɗa hannu sai ka rantse babura ne a jere suka taso. In kuma ya saki mai a gangara, sai ta buga tau! tau! babu abin da ya raba ta da harbin bindiga.

Ku da kuke karantawa daga birni, ƙila ku ce to mene ne a ciki. A wannan yanki, ƙarar babura da yawa ba wasa ba ce. 'Yan bindigar daji a kan babura suke zuwa. Mace in ta ji wannan ƙara ba ta neman mayafi, ɗanta take sunkuta ta yi gona.

Maharazu yana da mata, Lauratu, tana ɗauke da tsohon ciki. Haihuwarta ta fari ba ta zo da sauƙi ba. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma jini ya ɓalle mata har aka fara yi mata kalmar shahada. Wadda Allah ya sa ta zama sanadin tsayawar jinin ita ce Mama Grace, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta ajiye aiki ta koma gidan mijinta. Unguwarsu 'yar ƙarama ce ta manoma Kirista, a bayan dutse, ana kiranta Gidan Ɗanlahadi da sunan mijin nata. Ba nisa, amma waya ba ta shiga can.

Ranar da ta ceci Lauratu, Mama Grace ta ja Maharazu gefe ta ce, "Ɗana, ka ji ni da kyau. Jikin matarka ba ya riƙe jini. In Allah ya sake ba ta, da ta hwara naƙuda ka taho ka ɗauke ni da allurata. Kafin a kai ta Ƙanƙara a wannan hanyar taku, an makara."

Ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, domin yana son Lauratu. Abin da bai taɓa haɗawa a kansa ba shi ne, ran matarsa yana hannun mutanen da zai mayar abin wasa.

Ranar farko ba da gangan ya yi ba. Gwajin salansa ya fita, hanya ta bi da shi ta gangaren Gidan Ɗanlahadi, ya saki mai, ta buga. Yana shan kwana ya hangi mata sun watsar da taɓare, tsofaffi suna rarrafe, wani dattijo ya tsallake danga da zani a hannu. Maharazu ya tsaya ya kama ciki, ya yi dariya har da hawaye.

Da yamma ya kai labarin teburin Bilya mai shayi, yana kwaikwayon gudun kowa. Wasu suka yi dariya. Bilya dai ya ce, "Kai, Maharazu, ka kiyayi abin nan. Wata rana 'yan sa-kai za su ɗirka maka harsashi."

"Yo ai ba garinsu nike zuwa ba," in ji shi. "Waɗancan wa gare su?"

Nan muguntar take. Ba ya gwada wannan wasa a manyan ƙauyuka, inda ya san zai sha sanda. Ya zaɓi 'yan gidajen da ba su da mai tsaya musu. Duk ranar da ya ji zaman gida ya ishe shi, sai ya hau dutse ya gangaro musu, ya tsaya tsakar unguwa yana jiran su fito daga cikin dawa ɗaya bayan ɗaya, jikinsu duk ƙaiƙayi, shi kuma yana tafa hannu.

Baba Ɗanlahadi da kansa ya tako har ƙofar gidansa, yana dogara sanda. Ya tarar da shi zaune kan buhu, sifanu a baje, yana goge filogi. Ko tashi bai yi ba.

"Maharazu, don girman Allah ka maida wa abin nan bakinshi na da. Yaranmu sun daina barci."

"To Baba, ai kun san ni ne. Mi zai sa ku gudu?"

Tsohon ya dube shi ya ce, "Muna cewa halan kai ne. Amma a garin surukaina wani ya tsaya don ya tabbatar, ni na je jana'izarshi. Mu ba mu tsayawa."

Maharazu ya hure filogi ya ce, "Babur dai nawa ne, Baba. Ku riƙa motsa jini, yana da amfani ga tsofaffi."

Tsohon ya juya ya tafi.

Ba a daɗe ba ya sake gangara musu. Wannan karon Mama Grace tana sauke tukunyar ruwan tuwo. Ta zabura, tukunya ta kife mata a ƙafa, fata ta saɓule daga idon sawu har ƙauri. A haka ɗanta Emmanuel ya saɓa ta a baya ya shiga gona da ita.

Da labari ya iso, Lauratu ta yi kuka sosai. Ta ce, "Malam, matar nan ita ta tsamo ni daga bakin kabari. Ka dubi cikin nan, ka je ka ba ta haƙuri, ka gyara salansar nan."

"Ni na zuba mata ruwan? Ragar ma na yar da ita tuni."

Bai je ba. Lauratu ce ta aika da ƙwai da man shanu a ɓoye. Mama Grace ta aiko mata da amsa cewa kada ta sa komai a ranta, in lokaci ya yi a zo a ɗauke ta, ko da ƙafa ɗaya za ta zo.

Lokacin ya zo ranar kasuwar Ƙanƙara, bayan azahar. Maza duk sun tafi da baburansu, dawa ta yi tsawo ta rufe ko'ina. A makon kuma an kai hari wani ƙauye ta wajen Faskari, kowa a tsorace yake.

Naƙuda ta taso wa Lauratu gadan-gadan. Mahaifiyar Maharazu, Inna Suwaibatu, ta leƙo daga ɗaki ta daka masa tsawa, "Tashi ka ɗauko Grace! Yanzu!"

Ya buga babur ya fita. Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Sai da ya hau kan dutse ya hango rufin unguwar, sannan abin ya faɗo masa a rai: ƙarar nan fa! Ya yi maza ya saki mai don ya kashe injin ya gangara shiru.

Salansa ta yi abin da ya koya mata. Tau! Tau! Tau! Dutse ya amsa.

Ko da ya isa, babu kowa. Tukwane na kan wuta, turmi da hatsi a ciki kaji sun hau kai, ƙofofi a buɗe. Ya yar da babur ya faɗa gidan Mama Grace, ya leƙa ɗaki ɗaki.

"Mama! Mama Grace! Ni ne Maharazu!"

Shiru.

Ya fito tsakar unguwa, daidai inda ya saba tsayawa yana tafi. Ya ɗaga murya har ta dushe. "Wallahi ba wasa ba ne! Lauratu ce ke naƙuda! Baba Ɗanlahadi! Emmanuel! Ku yi wa Allah ku hito!"

Ya kutsa cikin dawa, ganye yana yankar fuskarsa, ya yi gabas ya yi yamma. Ya dawo bakin gona ya durƙusa a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana rantsuwa da duk abin da ya sani. Ko tarin jariri bai ji ba. Mutanen da suka koyi ɓuya don tsira da rai sun iya ɓuya, kuma shi da kansa ya ƙara musu horo.

Da ya ga rana tana karkata, ya ɗaga babur ya koma gida shi kaɗai. Tun daga zaure ya ji kukan jaririya, har zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Sai ya ga Inna Suwaibatu ta fito da zannuwa jiƙe sharkaf, ta dubi bayansa ta ga ba kowa.

"Ina take?"

Ya wuce ta ya shiga ɗaki.

Lauratu tana kwance, leɓɓanta sun yi fari. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Malam, ta zo?" Ya ce tana hanya. Ƙaryar da ya yi mata ta ƙarshe ke nan. Ya fita neman mota a bakin titi, kafin ya samo wadda za ta yarda ta shigo, Lauratu ta cika. Ba a kira magariba ba.

Washegari bayan an dawo daga maƙabarta, ana zaune ana karɓar gaisuwa, sai ga mutanen Gidan Ɗanlahadi. Mama Grace tana ɗingishi, ƙafarta naɗe da tsumma, Emmanuel yana riƙe da ita. Ta shiga ciki ta duba jaririya, ta fito idanunta jajur. Maharazu ya taso ya tare ta a zaure.

"Mama, na zo. Wallahi na zo. Na yi ta kira, kun yi nisa ba ku ji ba."

Ta girgiza kai. "Ba mu yi nisa ba, ɗana. Da wannan ƙahwar ina zan kai? Ina kwance cikin kunya ta uku daga bakin gona. Lokacin da ka durƙusa, ina ganin takalminka."

Maharazu ya dafa bango.

"Na yunƙura zan amsa," in ji ta, "aka toshe mani baki."

"Ni na toshe," in ji Emmanuel, bai ko sunkuyar da kai ba. "Na ce ko dai sabon salon wasanka ne, mu hito ka yi dariya, ko kuma sun kama ka sun aza maka bindiga ka kira mu da suna, yadda suke yi. Uwata ce, kuma bayanmu akwai yara kwance. Ka gaya mani, da wace shaida zan yarda da kai?"

Duk zauren babu wanda ya ce Emmanuel ya yi laifi, har Inna Suwaibatu da ke tsaye bakin ƙofa da jaririya a hannu.

Mama Grace ta share hawaye da gefen zani. Ta ce, "Allurar tana cikin jakata, jakar tana rataye a wuyana. Tun da watanta ya kama, ko gudu zan yi da ita nike gudu, don kada ka zo ban shirya ba."

Ta dafa kafaɗar ɗanta suka fita.

Darasi: Gwanintar da Allah ya ba hannunka amana ce, ba makamin tsorata bayinsa ba. Kada ka mayar da firgicin mutane abin dariya don ka ga ba su da mai tsaya musu, domin ranar da za ka kira su da gaske, abin da ka saba musu da shi za su tuna, ba hawayenka ba. Masu babura, a gyara don tafiya, kada a gyara don cutarwa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman matasanmu masu fasa salansa, ko Allah zai sa wani ya ji tun kafin ta same shi.