Kwamfutar da Lorne Ya Ƙi Kashewa

Lorne Boyko ba malalaci ba ne, kuma ba na so wani ya ce na kira shi haka. Ni na koya masa lissafi a makarantar garinmu, na san kansa yana ja. Alfahari ne ya ɓata shi, kuma alfaharin nan a kan abu guda ya taru, wata kwamfuta da ya raɗa wa suna Gertie.

Gertie ita ce sabar ƙungiyar tarho ta garinmu, wato babbar kwamfutar da duk mai amfani da intanet a cikin gari da gonakin kewaye sai ya bi ta kanta. Ƙungiyar ta mazauna gari ce, mu muke zaɓen shugabanninta, Lorne kuwa shi ke kula da na'urorinta. Masu irin aikinsa suna da wata gasa a tsakaninsu: sabar wa ta fi daɗewa tana aiki ba a taɓa kashe ta ba. Akwai lamba da ke ƙirga kwanakin, da zarar an kashe an kunna sai ta koma sifiri. Ta Lorne ta yi shekaru tana hawa. Duk shekara, idan ranar da aka fara kunna Gertie ta zagayo, yakan sayo kek har da kyandir ya kai ofis, shugabannin ƙungiya su ci su tafa masa.

A farkon hunturun bara, waɗanda suka rubuta manhajar da Gertie ke aiki da ita suka sanar cewa sun gano ɓaraka a cikinta. Mugu daga kowace ƙasa zai iya turo mata saƙonnin bogi, ta tsaya tana fama da su har ta kasa amsa wa kowa. Ba abin da ake sacewa, ƙofa kawai ake toshewa. Suka fitar da faci kyauta, wato gyaran da zai toshe ɓarakar. Sharaɗinsa ɗaya ne, idan an saka shi sai an kashe na'urar an sake kunnawa.

Da bakin Lorne na ji wannan, a shagon shan kofi, yana ba da labarin yana dariya. Tsoho Delbert, wanda ba ya barin kowa ya sha kofinsa lafiya, ya ce masa ya auri Gertie kawai kowa ya huta, shi zai kawo alkama gudummawa. Na tambayi Lorne tsawon lokacin da aikin zai ci. Ya ce kafin in shanye abin da ke gabana an gama.

Na ce, "To me kake jira?"

Ya ce, "Malama, wa ya san da mu? Bankuna suke nema, ba gari mai gidan mai ɗaya ba. Bari a ci kek ɗin bana tukuna."

Corinne Desjarlais ma ɗalibata ce a da. Tana da 'ya'ya biyu, tana aikin canza zannuwan gado a gidan tsofaffi, kuma ta yi shekaru tana karatun jinya a wata kwalejin birni ta intanet daga teburin kicin ɗinta a gona. Jarrabawar ƙarshe ta rage mata. Asibitin garinmu ya yi mata alkawarin aiki idan ta kawo takardar shaida kafin bazara, idan ba haka ba wata za a ɗauko daga birni. A gida ake rubuta jarrabawar, mai sa ido yana kallo ta kyamara. Dokar kwalejin kuwa ba ta da wasa: idan layi ya yanke bai dawo da wuri ba, jarrabawa ta tafi, sai baɗi.

Ranar jarrabawar, da hantsi, ta kai tsakiyar tambayoyin sai allon ya daskare. Wayar hannu ba ta kamawa a gidanta sai an hau tudun da ke bayan rumbu. Ta fita cikin ƙanƙara ba ko rigar sanyi, ta hau tudun, ta kira Lorne. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, yana kan abin.

Nan ne ransa ya rinjaye shi, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Ya san maganin, facin yana hannunsa. Amma ya zauna yana toshe saƙonnin ɗaya bayan ɗaya don kada ya taɓa lambarsa. Ya toshe wannan hanya, su ɓullo ta wata. Masu turo su ba su ma san sunan garinmu ba, na'urori suka saki suna yawo a intanet suna neman duk wanda bai saka faci ba. Wajen azahar Gertie ta faɗi da kanta, lambar ta koma sifiri ba tare da ya sa mata hannu ba. Sai a lokacin ya saka facin. Kafin kofinsa ya huce komai ya dawo, amma an riga an rufe jarrabawar Corinne.

Shugaban ƙungiya, Gord Wiebe, ya sanar cewa matsala ce daga waje wadda ta fi ƙarfin kowa. Kwalejin ta ce ba ta sake jarrabawa don layin mutum ya yanke, kowa haka yake cewa. Corinne ta koma canza zannuwa, ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Ni na yi.

A taron mambobi, a ɗakin taro na gari, na jira aka gama cin abincin da kowa ya kawo daga gida, sannan na miƙe. Gord ya ce maganata ba ta cikin jerin abubuwan tattaunawa. Na ce masa lokacin da yake ajina ma amsoshinsa ba sa cikin littafi, amma na saurare shi. Na ce ruwan sama daga waje yake zuwa, amma wanda aka ba jinka kyauta ya ƙi rufe ɗaki ba zai ce abin ya fi ƙarfinsa ba. Na ce ba korar kowa nake nema ba. Ina so wani daga wannan ƙungiya ya je gaban kwalejin ya faɗi abin da ya faru da gaske, domin matar nan ba ta yi laifin komai ba. Na ƙara da cewa duk wanda ya taɓa cin kek ɗin Gertie yana da rabo a wannan abin kunya.

Gord ya fara bayanin cewa lauya ya hana su cewa komai. Bai kai ƙarshe ba Lorne ya tashi daga kujerar baya, fuskarsa ta yi ja.

Ya ce, "Gord, zauna. Malama ta faɗi daidai. Facin yana wurina tun farkon hunturu, ni na ƙi sakawa." Ya juya wajen Corinne. "Ranar da kika kira ni daga kan tudun nan, da na so da kin gama jarrabawarki. Lamba nake karewa."

Corinne ta dube shi ta ce, "Motarka tana da mai?"

Washegari suka tafi birni, shi yana tuƙi. Ta gaya mini cewa ya tsaya gaban shugabar sashen jinya da hularsa a hannu, ya yi bayani tun daga gasar har zuwa kek, bai rage komai ba. Matar ta ce ta ji uzuri iri-iri a aikinta, amma ba ta taɓa ganin uzurin ya zo da ƙafarsa ba. Aka ba Corinne damar sake rubutawa a cikin kwalejin. Ta ci.

Yanzu sau ɗaya a wata, da sassafe, intanet yana ɗaukewa na ɗan lokaci a garinmu, domin Lorne yana kashe Gertie ya saka mata sabon faci. Delbert yana mita, yana cewa an kai amarya wanka. Gord har yau bai nemi afuwar kowa ba, ni kuma ban fasa zuwa taro ba, kuma a layin gaba nake zama. Da ranar Gertie ta zagayo, Lorne ya sayo kek ɗinsa kamar kullum, amma asibiti ya kai shi. Corinne, wadda yanzu take aikin jinya a can, ta karɓa, ta zaunar da shi, ta gwada jininsa, ta ce ya hau, saboda haka ba zai ci ko loma ba.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, abin da aka ba ka riƙo don amfanin jama'a ba abin ado ba ne a gare ka. Idan an nuna maka ɓaraka kuma an ba ka abin toshewa, ka toshe a ranar, ko da hakan zai rage maka abin taƙama, domin wanda zai sha wahalar jinkirinka sau da yawa ba kai ba ne. Idan kuwa ka riga ka yi kuskuren, kada ka ɓuya a bayan sanarwa. Ka tashi ka faɗi gaskiya tun ana iya gyarawa, ka kai ta da kanka inda za ta yi amfani.