Lemar Doña Delfina da ba ta buɗe ba

Akwai wani dattijo a ƙungiyarmu ta masu harba ƙananan rokoki a bayan garin Río Cuarto, sunansa Don Evaristo Quiroga. Shekara ashirin da biyu yana wannan wasa, kuma maganar gaskiya ya iya. Matsalar ita ce ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Duk Asabar ɗin farkon wata ake haɗuwa a wani filin kiwo. Gabas da filin gonar masara ce, rokar da ta faɗa cikinta sai dai a yi mata ban kwana. Iskar wurin kuma ba ta da mutunci. In lemar da ke sauko da roka a hankali ta buɗe tun daga can sama, sai ta kwashe rokar ta kai ta tsakiyar masara.

Shi ya sa ake amfani da wata ƴar na'ura da ba ta fi akwatin ashana girma ba. Za ka naɗe lema ka ɗaure ta da robar na'urar. Roka za ta yi ta faɗowa da lemarta a ɗaure, sai ta iso kamar mita ɗari da hamsin daga ƙasa na'urar ta saki robar, lema ta buɗe, roka ta sauka kusa da kai. Amma fa sai an kunna ta.

Saboda haka akwai al'ada. Kafin a rufe hancin roka, wanda ke kusa zai tambaya, "Ka kunna?" Ba da baki ake amsawa ba, ƴar koriyar fitilar na'urar ake nunawa.

Rabin lemomin ƙungiyar kuwa Doña Delfina Arrieta ce ta ɗinka su. Tela ce, ba ta da yawan magana. Mijinta Nicanor ya rasu bara, ya bar wata roka ruwan ɗorawa da ya yi wata takwas yana haɗawa, bai samu harba ta ba. Ran nan sai ga ta da rokar a rungume, da sabuwar lema da ta ɗinka mata.

Ta nufi Don Evaristo ta ce, "Don, kai za ka shirya mini ita. Ina so in ga ta tashi ko sau ɗaya ne."

Ya karɓa yana hura hanci. Ya ɗauko na'urarsa, ya naɗe lema, ya ja roba ya ɗaure, yana yi yana zuƙar shayin gargajiya da ake kira mate, yana ba mutane labarin wata roka da ya harba shekara goma da suka wuce. Labarin da kowa ya haddace.

Zai rufe hancin rokar ke nan, Doña Delfina ta ce a hankali, "Don, ka kunna?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Haba Doña! Tun kina ɗinkin wandunan ƴan makaranta nake kunna wannan abu. Ke dai tsaya ga allurarki."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushin yaƙe ta ja baya. Babu wanda ya ce a nuna fitila.

Aka ƙirga, aka danna maɓallin harbawa. Rokar ta tashi tsaf, ba ta karkace ba, har ta zama ɗan ɗigo a sama. Can ta rabu biyu, ta fara faɗowa da lemarta a ɗaure kamar yadda aka tsara. Kowa ya ɗaga kai yana jira.

"Yanzu za ta buɗe," in ji Don Evaristo.

Ba ta buɗe ba.

"Yanzu dai."

Ƙarar da ta yi a kan busasshiyar ƙasa, har shanun maƙwabta sai da suka ɗago kai.

Tun kafin kowa ya motsa Don Evaristo ya ɗaga murya. "Ai dama na ga yadda ta jera igiyoyin nan! Sarƙewa suka yi. Ɗinkin lema ba ɗinkin labule ba ne."

Ya riga kowa isa wurin. Jikin rokar ya tsage gida uku, fukafukai biyu sun karye. Lema tana nan a naɗe, roba ta riƙe ta gam, fitila a mace. Ya danna maɓallin na'urar da ɗan yatsa, sai koriyar fitila ta kama, lafiyarta ƙalau.

Nan ya gane bai kunna ta ba. Ya waiga, mutane suna tafe amma da ɗan nisa. Abin da ya yi a nan shi ne abin kunyar, ya fi mantuwar muni. Ya cire robar, ya jefa na'urar a aljihu, ya sa hannu ya cukurkuɗa igiyoyin lemar.

"Ga shi nan, ku gani da idonku," ya ce da suka iso.

Suka gani, suka yarda. Wa zai yi musu da Don Evaristo?

Da aka koma rumfa, sai Ramiro Ledesma, makanikin da ke shirin harba tasa, ya zare lemar rokarsa ya ajiye a gaban Doña Delfina. "Doña, ba don komai ba, ki dai sake dubawa." Wani ma ya kawo tasa. Kafin naman da ke kan wuta ya gasu, lema biyar ce a gabanta.

Ta sa tabarau, ta shimfiɗa lemar Nicanor a cinya, tana bin ɗinkin da yatsa layi bayan layi, tana neman inda ta yi kuskure. Don Evaristo yana zaune nesa kaɗan, an miƙo masa nama ya kasa ci.

Can sai ta taso ta zo gabansa, idonta ya yi ja. "Don, ka yi haƙuri, na ɓata maka suna a gaban mutane. Na'urarka dai ba ta fashe ba, ko?"

Wannan tambayar ce ta gama da shi. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙe, ya ciro na'urar ya ajiye a kan tebur, muryar nan tasa mai cika fili ta koma ƙasa-ƙasa.

"Jama'a, ku saurare ni. Ban kunna ba. Ta tambaye ni, na yi mata ba'a, kuma ban kunna ba. Igiyoyin ma ni na cukurkuɗa su da hannuna. Lemarta ba ta da laifi ko ɗaya."

Ramiro ya lallaɓa ya ɗauke lemarsa daga teburin, kansa a sunkuye.

Doña Delfina ta daɗe tana kallon Don Evaristo. Ba ta zage shi ba, da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ta naɗe lemar a hankali ta sa a jaka, sannan ta ce:

"Ka san me ya sa na kawo maka ita? A asibiti Nicanor ya ce mini, kada ki ba kowa ya harba ta sai Evaristo. Ya ce ko da ta faɗi, shi zai gaya miki gaskiyar abin da ya faru."

Don Evaristo ya koma ya zauna, ya rufe fuska da hularsa.

Darasi: Duk ƙwarewarka ba ka wuce a tambaye ka ba, mai tambayar kuma rufa maka asiri yake yi. In ka yi kuskure, ɗauki abinka tun da wuri, kada ka rataya shi a wuyan wanda ya yarda da kai. Tura wannan labari ga ƴan uwa da abokai, musamman wanda ka san ba ya son a ce masa "ka duba?"